Tsohon Tankin Murjani Ya Gaji: Yadda Ake Zaɓen Sabo Ba Tare Da An Kashe Abin Da Ke Ciki Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Ku dubi kusurwar nan da kyamara ta tsaya a kai. Wannan farin abin da ya taru kamar kanwa a bakin gilas, gishiri ne. Ran da na fara ganinsa tsumma na sa na goge, na ɗauka ruwa ne ya fantsama lokacin da nake gyara. Bayan kwana uku ya dawo, a daidai inda yake, bai gusa ko kaɗan ba. Da dare na kashe fitilar ɗaki na haska tocila ta gefen gilas, sai ga ƙananan kumfa sun jeru a cikin silikon ɗin da ya haɗa gilasan biyu. Tankin nan na gilas, wanda nake kiwon kifi da murjani a cikinsa, ya shekara 11 a ɗakin nan. A daren na san cewa lokacinsa ya yi.

Ruwan gishiri ba ya ɓoye yoyo. Ko ɗigo ɗaya ya fita, ruwan zai bushe ya bar gishirinsa a wurin. Duk wanda ya ga farin tabo yana dawowa wuri guda a bakin haɗin gilas, to kada ya ci gaba da gogewa kawai.

Wani zai ce a sayo silikon a liƙe mana. Silikon ɗin tanki kashi biyu ne. Akwai na ciki, wanda aka shafa a kusurwa kamar kwalliya, yana kare haɗin daga ruwa. In shi ne ya ɓare, ana iya kwashe ruwa a kankare shi tas a shafa sabo. Akwai kuma siririn da ke tsakanin gilas da gilas, kuma shi ne yake ɗauke da nauyin ruwan gaba ɗaya. In kumfa ko fari ya bayyana a wannan, shafe ta sama ba ya magani, domin sabon silikon ba ya kama tsohon da ya bushe. Sai dai a wargaza tankin a sake haɗa shi daga farko. Nawa na biyun ne ya samu matsala, shi ya sa muke zancen sabon tanki yau.

Kafin mu shiga awo da farashi, ina so ku riƙe abu ɗaya, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Abin da ya fi daraja a ɗakin nan ba gilas ba ne. Waɗannan duwatsun ne masu ramuka, da suka yi launin shuɗi-shuɗi da ja-ja. A cikin ramukansu akwai ƙwayoyin bakteriya da ke cinye dattin kifi. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin suna mayar da ita naitirait, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wadda ke da sauƙi sosai. Shekara da shekaru ƙwayoyin nan suka yi suna yaɗuwa har suka daidaita da yawan kifin da nake da shi. Tun a shekarun 1970 zuwa 1980 masu kiwon murjani a birnin Balin na Jamus suka nuna cewa dutse mai rai, da haske mai ƙarfi, da na'urar tsame datti ta hanyar kumfa, sun isa su riƙe murjani a cikin gida, kuma har gobe ana kiran tsarin da sunan birnin. Gilas ana sayensa a yini guda. Dutsen da ya nuna kuwa, watanni yake ɗauka. Saboda haka ba tanki nake nema wanda zai burge baƙo ba, gida nake nema wa halittun da tuni suke hannuna.

Na ce halittu, domin mutane da yawa in sun shigo suna tambayata wane irin fure ne wannan. Murjani dabba ne. Mu Hausawa mun san sunan tun daga tsakiyar murjani da iyayenmu mata ke sawa a wuya, mun kuma san shi a Suratur Rahman inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani. Jan murjanin ado asalinsa daga tekun Bahar Rum ake samo shi, kuma ɗan'uwan waɗannan ne, ba su ba ne. Waɗannan na ruwa mai ɗumi ne marar zurfi, irin wanda ke Bahar Maliya daura da Jidda da Fot Sudan. A cikin naman jikinsu akwai wata ƙwayar gansakuka da ido ba ya gani, tana sarrafa haske ta ba su abinci. In zafi ya yi yawa ko haske ya canza farat ɗaya, sai murjanin ya kori gansakukar, ya yi fari fat, in ba a yi sa'a ba ya mutu da yunwa. Wannan ne dalilin da ya sa zancen haske da zafi zai yi ta dawowa a bidiyon nan.

To, girman tanki. Yawancin mutane lita suke tambaya. Ni tsawo, faɗi da tsayi nake tambaya, domin tanki biyu na iya ɗaukar lita ɗaya amma zamansu ya sha bamban.

Wanda na tsaya a kansa santimita 120 ne a tsawo, 50 daga gaba zuwa baya, 50 a tsayi. In kun ninka, lita 300 ke nan. Na ga wani mai tsayin santimita 70, kuma gaskiya ya yi kyau a ido, kamar allon sinima. Amma ku gwada wannan a gida: ku tsaya a gaban tebur mai tsayin ƙirjinku, ku miƙa hannu ƙasa ta bayansa. Santimita 50 hannu yana kaiwa ƙasa. Daga 60 sai an jiƙa hammata. A 70 kuwa, duk ran da reshen murjani ya faɗo kan yashi, sai an nemo hantsaki mai dogon hannu, kuma aikin da ke ba mutum wahala shi ne aikin da yake ɗagewa zuwa gobe. Bayan haka haske yana raguwa da zurfin ruwa, don haka dogon tanki yana neman fitila mai ƙarfi, mai cin wuta. Kuma matsin da ruwa ke yi wa gilas daga zurfinsa yake zuwa. Ƙara tsayi kaɗan yana tilasta ƙara kaurin gilas, nauyi da kuɗi su tashi tare.

Inda nake ganin ya dace mutum ya kashe kuɗinsa shi ne faɗin gaba zuwa baya. Tsohon tankina santimita 35 ne kacal. Shekara 11 duwatsuna suna jingine da gilas ɗin baya kamar katanga, datti yana taruwa a bayansu inda ruwa ba ya zagayawa, ni kuma hannuna ba ya shiga. Da santimita 50 zan iya tsayar da duwatsun a tsakiya, ruwa ya bi ta gaba ya bi ta baya, kifi ya samu inda zai zagaya. Tsawo kuma kifi ne ke yanke hukunci a kansa. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamara, yini yake yi a kusa da gidansa, ƙaramin wuri ya ishe shi. Amma dangin kifin da ake kira tang masu ninƙaya ne, suna son doguwar hanya, kuma ko santimita 120 ƙananan cikinsu kawai yake ɗauka.

Babban tanki yana da wata fa'ida da ba a gani: ruwa mai yawa ba ya saurin canzawa. Zafi yana hawa a hankali, gishiri yana motsawa a hankali, kuskure yana ba ka lokacin gyara. Sai dai kowace lita da aka ƙara tana da kuɗinta na kowane mako. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowane kilo, kuma ba gishirin miya ake zubawa ba, haɗi ne na musamman mai ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadarai, wanda daga waje ake shigo da shi. Cika tanki irin nawa da ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙasansa yana cin kusan kilo 13. In kana canza kashi 10 cikin 100 duk mako, lita 30 da ɗoriya ke nan, fiye da kilo ɗaya na gishiri kowane sati. Ku yi wannan lissafin na shekara guda kafin ku biya kuɗin gilas.

Sai nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gishiri ta ɗan fi. Lita 300 a sama, wajen 70 a tankin ƙasa, ga gilas, ga duwatsu, ga yashi, ga teburin kansa, ana tunkarar rabin tan a wurin da bai kai tabarmar salla biyu ba. A daɓen siminti na ƙasa babu damuwa. A bene, a jingina shi da bango mai ɗaukar nauyi, in kuma tankin ya fi haka girma a tambayi injiniyan gini. Teburin kuma dole ya daidaita ta kowane ɓangare. Ku ari ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a ciki, ku aza shi a tsaye ku aza shi a kwance. Tankin da ya karkata yana murɗa haɗin gilas a hankali, shekara bayan shekara, kuma da na sauke tsohon nawa na auna teburinsa, na tarar kusurwar da ta yi yoyo ita ce ta fi sauka. In mai walda zai yi muku na ƙarfe, a yi masa fenti mai kyau har cikin lungu, domin gishiri da ƙarfe ba sa ga maciji. In kafinta ne, kada ya yi da katakon nan na garin itace da aka matse, ruwa na taɓa shi yake kumbura.

Zancen gilas ba shi da tsawo. Akwai na gama-gari mai kore-kore in ka dubi bakinsa, akwai mai ƙarancin sinadarin ƙarfe wanda ya fi haske, launin murjani ya fi fitowa a cikinsa. In aljihu bai kai ba, a sa mai hasken a gaba kawai. Akwai kuma tankin akirilik, wato roba mai kama da gilas, marar nauyi, amma ƙwayar yashi ɗaya a jikin magogi ta isa ta ja masa layi. Tanki marar baki a sama yana da kyau, sai dai yana buƙatar gilas mai kauri, da shimfiɗar soso a ƙarƙashinsa, da raga a sama domin wasu kifayen suna tsalle.

Babban zaɓi shi ne inda kayan tace ruwa za su zauna. Akwai tanki mai komai-a-ciki, wanda aka yanke masa ɗaki a baya, famfo da matata duk suna nan. Ba bututu, ba huda gilas, ba fargabar ambaliya. Ga ƙaramin tanki, ƙasa da lita 150, ni shi zan ba mutum shawara. Ɗaya tsarin kuma shi ne ruwa ya malala ta wata maɓuɓɓuga a sama, ya bi bututu ya sauka cikin wani tanki da ke ɓoye a cikin tebur, a tace shi, famfo ya mayar da shi sama. Kamfanoni irin su Red Sea da Waterbox suna sayar da irin wannan a haɗe, da tebur da bututu. Wanda kuma zai ba mai gilas ya haɗa masa a gari, ya tabbata an huda kafin a haɗa, kuma ya sani cewa gilas ɗin da aka gasa don ƙarfi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. A nemi bututun sauka aƙalla biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana, domin dodon koɗi guda na iya toshe bututu. Kuma ku tsaya a kan mai haɗa bututun: roba zalla. Kada ya sa kan famfo na tagulla ko jan ƙarfe ko ɗaya, domin ɗan kaɗan daga cikinsa a ruwa yana kashe murjani da jatan lande. Saboda wannan dalilin ne ma nake tambayar duk mai sayar da tanki na hannu ko ya taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki.

Yanzu ga inda shawarar da za ku gani a bidiyoyin Amurka da Turai ba ta isar mu. Su in an ɗauke wuta labari ne. Mu kuwa a tsarin yini yake.

Duk lokacin da famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu da wanda ke saman maɓuɓɓuga yana gangarowa tankin ƙasa. In babu sarari, a daɓe zai ƙare. Don haka tankin ƙasa ya zama mai yalwa, kada a cika shi, kuma ran da aka haɗa a zare wuta da gangan a tsaya a ga inda ruwa zai tsaya. Ku ga jan layin nan da na ja da maka a jikin nawa, iyakar cikawa ke nan. Abu na biyu, ba duhu ne ke kashe tanki in wuta ta tafi ba. Murjani yana jure kwana biyu ko uku ba haske. Tsayawar ruwa ce ke kisa, domin iskar shaƙa tana ƙarewa cikin sa'o'i, kuma ruwa mai zafi ya fi saurin rasa ta. Shi ya sa na zaɓi famfunan da ke aiki da ƙaramar wuta irin ta batir, na ɗora su su kaɗai a kan inbata da sola, fitila kuma ta jira wutar gari. Kafin ku zaɓi girman tanki, ku tara wat ɗin kowace na'ura a takarda, ku ga ko batirinku zai kai asuba da su.

Sai zafi. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26. In ya haura 28 ya daɗe a can, ana cikin haɗari. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, a watan Afrilu da Mayu, iska tana kai 40. Fanka mai busa saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu, amma a tsakiyar bazara sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai sanyi. Na'urar nan zafi take fitarwa, kada a kulle ta a cikin tebur, a tanadar mata wuri tun a zane. Da hunturu kuma lamarin juyawa yake yi: dare ya yi sanyi har a nemi hita, iska ta bushe, tankina yakan rasa lita huɗu zuwa biyar a rana. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka da ruwa marar gishiri ake cikawa. Kuma ba na rijiya ko burtsatse ko leda kai tsaye ba, sai wanda ya bi ta na'urar tacewa har ma'aunin abin da ya narke a cikin ruwa ya nuna sifili. A cikin teburin nan na bar wa jarkar wannan ruwan wuri, abin da tsohon teburina bai da shi.

Mu zo ranar ƙaura, domin a nan ake asara ko a tsira.

Sabon tankin ya fara kwana biyu ko uku cike da ruwan famfo zalla, a ga ko yana yoyo, a gwada bututu. A haɗa sabon ruwan gishiri tun jajibiri, a daidaita gishirinsa da zafinsa da alkalinitinsa, wato ƙarfin ruwan na hana kansa yin tsami, da na tsohon tanki, ba da abin da littafi ya ce ba. In alkalinitin tsohon yana kan 8 ne a ma'auni, na sabon ma ya zama kusa da 8. Murjani yana haƙuri da lamba da ba ta cika daidai ba, amma ba ya haƙuri da tsalle.

Ran aikin, a fara zuƙo ruwa mai tsabta daga sama a zuba a robobi kafin a taɓa komai. Murjani a roba ɗaya, kifi a wata da abin hura iska, duwatsu a wata, a nutse cikin ruwa. Dutsen da ya sha iska ya bushe, soso da ƙananan halittun da ke cikinsa suna mutuwa, su ruɓe a sabon tanki su tayar da amoniya. Yashi kuwa, ni ban ɗauki tsohon ba. Da na tona ƙasansa ya yi baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, dattin shekara 11 ke nan. Kofi biyu na ɗiba daga sama don iri, sauran sabo ne wankakke.

Ina roƙonku ku saurari wannan da kyau. Waɗannan ƙananan murjanin masu kama da maɓallan riga, da suke shimfiɗuwa a kan dutse, wasu daga cikinsu, musamman dangin Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana cikin mafi tsananin guba da aka sani a halitta. An sha kwantar da mutane a asibiti, wani lokaci gida guda, saboda an tafasa dutse ko an kankare shi a ɗaki a rufe. Ku sa safar hannu, ku sa tabarau, ku buɗe taga, ku fitar da yara. Kada ku zuba wa dutse ruwan zafi ko da wasa. In bayan aikin kuka ji zazzaɓi, ko tari, ko numfashi ya yi nauyi, ku tafi asibiti ku faɗa wa likita abin da kuka taɓa.

Bayan an jera komai, sabuwar fitila ta fara da rauni, wajen rabin ƙarfinta, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni. A rage abinci. A auna amoniya kullum a makon farko, alkaliniti ma haka. Gansakuka mai ruwan ƙasa za ta rufe sabon yashi, wannan ba abin tsoro ba ne, tana wucewa.

Za ku ga fili ya yi yawa, zuciya ta ce a cike shi. A bari sai bayan wata guda aƙalla. In lokacin ya yi, a nemi reshen da aka yanko daga murjanin da ya girma a tankin wani, ya riga ya saba da zaman gida. Murjani masu ƙashin dutse suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini. Wurare irin su Sanganeb, a tekun Sudan, da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016, can ya kamata nasu ya zauna.

Ga sabon tankin nan, yau kwanansa tara. Ku dubi murjanin nan mai kai kamar guduma, a hagu. Kwana uku ya yi a tsuke bayan ƙaura, ina leƙa shi safe da yamma. Ran na huɗu da hantsi ya saki jiki, kuma kafin azahar kifayen nan biyu masu ruwan lemo sun koma cikinsa, inda suke kwana tun a tsohon tanki. Fitila tana kan kashi 55 yanzu, ranar Juma'a zan kai ta 60. A bidiyo na gaba zan buɗe teburin nan mu bi bututun ɗaya bayan ɗaya, in zare wuta a gabanku ku ga inda ruwan ke tsayawa. Sai mun haɗu, a huta lafiya.